Gizo-gizon Ajinmu Da Iskar Ɗakunanmu

Mun san akwai wanda zai ga kan wannan magana ya ja tsaki, ya ce lalle malamin nan aiki ya ƙare masa, ga tsadar masara ga kuɗin lakwal na yara, amma zancen gizo-gizo ya ga dama ya kawo mana. Ba mu ga laifinsa ba. Mu ma da a ce wani ya gaya mana a da cewa wata rana za mu zauna mu cika shafi da labarin ƙwaro, da dariya za mu yi masa. To amma a yi haƙuri a biyo mu sannu, domin zancen daga cikin kwalba zai tashi, a ɗakin kwananmu kuma zai sauka, inda 'ya'yanmu suke barci.

Wata shekara ce, damina tana ban kwana, ba a daɗe da komawa lakwal ba, sai wani yaro ɗan ajin ƙarshe ya shigo mana da gwangwanin madara an ɗaure bakinsa da leda. Ya ce, “Mushe, ga abin da muka samo ni da yayana a ƙarƙashin ɓawon wani busasshen itace, wajen hanyar Serou.” Muka juye shi cikin bokiti, sai ga gizo-gizo wanda faɗinsa ya kai tafin hannun yaron, jikinsa toka-toka da fari, da baƙaƙen ɗigo a bayansa, ƙafafunsa na baya masu kauri, duk gashi. Nan take aji ya kaure da ihu, “Tautau! Tautau!” Wata yarinya har ta haye tebur, wai kada ya yi mata fitsari fatarta ta saɓule. Sai da muka tsaya muka yi musu bayani cewa ƙurajen nan masu ruwa da mutanenmu suke ɗora wa tautau, sau da yawa aikin wani siririn ƙwaro ne mai ja da baƙi da yake bin hasken fitila da damina, in an murje shi a jiki ruwansa ya ƙona fata. Tautau dai ya daɗe yana ɗaukar laifin da ba nasa ba.

Da muka gwada shi da hotunan da ke cikin littattafai, sai muka ga ɗan gidan manyan gizo-gizon nan ne da ake kira migal da Faransanci, Ingilishi kuma su ce tarantula. Masana sun ƙidaya irin gizo-gizo fiye da 50,000 a duniya, a 2022 ne lissafin ya kai haka, kuma fiye da 1,000 daga ciki 'yan wannan gida ne. Namu, bisa dukkan alamu, shi ne wanda wani masanin gidan tarihin halittu na Landan, Reginald Pocock, ya sa wa suna Heteroscodra maculata a 1899. Masu cinikinsa a Turai da sunan Togo suke kiransa, ga shi kuwa daga Jugu zuwa iyakar Togo ta Ouaké ba wata tafiya ba ce. Yana da ɗan'uwa mai zama a kan bishiyar kwakwa, Stromatopelma calceatum, wanda aka rubuta tun 1793. Su biyun nan suna da gudu kamar walƙiya, cizonsu kuma yana da zafi ƙwarai, yana sa tsoka ta yi ta murɗawa har kwanaki. Saboda haka tun ranar farko muka kafa doka: ido ya gani, hannu kada ya taɓa.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, a Jamus da Faransa da Ingila da Amurka akwai mutane masu yawa da suke kiwon waɗannan halittu a cikin ɗakunansu, kamar yadda muke kiwon tattabaru ko kanari. Suna da ƙungiyoyi da mujallu da ranakun baje koli. Kuma yankinmu yana cikin wuraren da suke samun kaya. Benin da Togo da Ghana sun daɗe suna fitar da ƙaramar mesa da babbar baƙar kunama zuwa ƙasashen waje, har sai da aka sa kunamar cikin yarjejeniyar CITES a 1995 domin a sa ido kan cinikinta. Kakanninmu fatake da suka riƙa yada zango a Jugu, tsakanin Kano da Gwanja, goro suke ɗauka da kanwa da tufafi. Da za a gaya musu wata rana za a sa kunama a jirgin sama a kai ta Turai a karɓi kuɗi, da sun ce mai maganar ya taɓu. Ko ma dai mene ne, waɗannan makiyaya sun tara ilmi mai yawa a kan abin da yake raya dabbarsu da abin da yake kashe ta, kuma babban abin da suke ta nanatawa shi ne iskar ɗaki.

Dalili kuwa yana cikin yadda yake numfashi. Gizo-gizo ba shi da hanci. In ka kifar da irin wannan babban, za ka ga wasu tabo huɗu masu haske a ƙarƙashin cikinsa, kowanne da 'yar tsaga. Nan ne huhunsa. A ciki akwai siraran fatu jere bisa juna kamar shafukan littafi, iska tana ratsa tsakaninsu, jini yana bi ta cikinsu, sai oksijin ya tsallaka. Ba ya jan numfashi ya sauke kamar mu, iskar ce take shiga da kanta sannu a hankali. Ba ya tari, ba ya atishawa, ba shi da majinar da za ta tare ƙura. Bugu da ƙari, in yana daji iskar ta ɓaci sai ya ƙara gaba, amma na cikin kwalba ba shi da inda za shi. Abin da mai ɗaki ya zuba wa iskar, shi zai sha. Jininsa ma ba ja ba ne, shuɗi-shuɗi ne, domin tagulla ce take ɗaukar oksijin a cikinsa, ba ƙarfe ba kamar a namu. A riƙe wannan, za mu komo kansa.

Muka samo babbar robar alewa irin ta masu tebur, muka huda murfinta da gefenta da ƙusa mai zafi, muka zuba ƙasa, muka jingina ɓawon itace, muka sa murfin kwalba da ruwa. Cikin kwana uku ya saƙa wa kansa rami na yana a bayan ɓawon. Yara suka raba aiki, wasu masu kamo gyare, wasu masu zuba ruwa. Ba mu taɓa ganin ajin nan yana sammako kamar a wannan lokaci ba, har waɗanda kullum sai an nemo su daga tasha.

Ranar Saɓa

Bayan 'yan makonni sai ya daina cin abinci. A jefa masa gyare ya juya baya. Ya toshe bakin raminsa da yana, ya yi shiru. Ran nan da safe muka tarar da yara sun yi cirko-cirko, yaron da ya kawo shi idonsa ya cika da ƙwalla. Ya ce, “Mushe, ya mutu.” Muka leƙa ta jikin robar, ga shi kwance rigingine, ƙafafu a sama. Wani har ya ɗauko tsinke zai tsokane shi. Allah ya sa mun riga mun karanta, muka riƙe hannunsa. Gizo-gizon da ya mutu ba rigingine yake kwanciya ba, ƙafafunsa yake naɗewa a ƙarƙashin jikinsa. Wanda ya kwanta rigingine saɓa zai yi, kuma taɓa shi a wannan hali yana iya zama ajalinsa.

Mun saba ganin saɓar maciji a bakin rumbu, to amma ta gizo-gizo ta fi ta wuya nesa ba kusa ba. Shi ƙashinsa a waje yake, wato fatar nan mai tauri ita ce ƙashinsa, kuma ba ta miƙewa. In zai girma tilas ya fita daga cikinta ɗungum. Tun kwanaki kafin ranar yakan gina sabuwar fata mai laushi a ƙarƙashin tsohuwar, wani ruwa ya shiga tsakaninsu ya raba su. In lokaci ya yi sai ya tura jini da ƙarfi zuwa gaban jikinsa, har murfin bayansa ya ɓalle kamar faifai a kan tukunya. Daga nan ya shiga zare ƙafafu takwas da 'yan hannuwa biyu da fiƙoƙi biyu, kaɗan-kaɗan, yana hutawa yana komawa. Ƙarami yakan gama cikin ƙasa da awa guda, babba kuwa yana iya kwashe sa'o'i masu yawa. Ba fatar waje kaɗai yake tuɓewa ba, har da shimfiɗar maƙogwaronsa da ta tumbinsa da ta huhun nan huɗu. Ma'ana, a daidai lokacin da yake aiki mafi nauyi a rayuwarsa, numfashinsa ma a takure yake.

Duk wannan aiki kuwa da ruwan jiki yake yin sa. A manyan gaɓoɓin ƙafarsa yana da tsokar lanƙwasawa, amma ba shi da ta miƙewa, matsin jini ne yake miƙe ta, kamar yadda mai yake ɗaga bayan tifa. Shi ya sa mataccensa yake naɗewa. Wanda ƙishirwa ta ci, ba shi da matsin da zai fasa fata ya zare ƙafa. In kuma ya jinkirta, sabuwar fata ta fara tauri yana ciki, shi ke nan ya maƙale.

Namu dai ya fita lafiya. Washegari yara suka ga gizo-gizo biyu, ɗaya mai rai yana sheƙi, ɗaya holoƙo. Fiƙoƙinsa fari fat, sai da muka bar shi fiye da mako guda ba abinci har suka yi baƙi suka yi ƙarfi, domin a wannan tsakani ko gyare yana iya cinye shi. Muka zaro saɓar da tsinken tsintsiya, muka jiƙa ta, muka buɗe a kan farar takarda, kowane yaro ya zo ya duba da gilashin ƙara girma ya ƙidaya huhu huɗu da idonsa. Shekara da shekaru muna koyar da darasin numfashi da alli, ba mu taɓa ganin ya shiga kamar ranar ba. Muka gaya musu har ƙafar da ta gutsure takan sake fitowa wajen saɓa, kuma macen wasu irin takan yi fiye da shekara 20 tana saɓa kusan kowace shekara, alhali namiji in ya yi ta balaga ba ya daɗewa. 'Yan mata suka yi ta yi wa maza dariya.

Hutun Disamba

Da hutun ƙarshen shekara ya zo, ba wanda zai riƙa zuwa lakwal ba shi ruwa, sai muka tafi da shi gida. A nan ne muka yi kuskure, kuma kuskuren namu ne, ba na kowa ba. Saboda tsoron kada yara su buɗe robar, sai muka ɗora ta a kan kabad a ɗakin kwana.

Kowa ya san ɗakinmu na hunturu, domin irinsa ne a Zongo na Jugu, irinsa ne a Zongo na Paraku. Iskar arewa ta taso da hazo, wanda yawancinsa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake, leɓe yana tsagewa, danshin iska da rana ya sauka wajen kashi 20 cikin 100. Sai mu rufe taga, mu cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa. Da magariba uwargida ta sa turaren wuta. Da dare a kunna maganin sauro mai naɗin nan kamar gammo, a ajiye shi a gindin gado. In sanyi ya matsa da asuba a shigo da kurfoti a ɗumama ɗaki. A makon farko kuma muka ga kyankyasai a bayan kabad, muka sayo maganin feshi muka fesa, muka ja ƙofa. Mun dai rufe robar da zane, muna ganin mun yi dabara.

Bayan kwana biyu muka lura tafiyarsa ta sake. Dabbar da take gudu kamar walƙiya sai ga ta tana tangaɗi, tana ɗaga ƙafafu sama tana kaɗa su barkatai, ta kai wa gyare cafka ta kuskure. Masu kiwonsu sun san wannan alama sarai, kuma abin da suka fi zargi da ita shi ne maganin ƙwari. Ba abin mamaki ba ne. Sinadarin da ke cikin yawancin maganin feshi da na kunnawa, dangin firetirin, jijiyoyi yake kamawa, ya hana su hutawa, su yi ta harbawa har ƙwaro ya sanƙare. Maganin bai san wannan sauro ne wancan gizo-gizon ajin malam ne ba. Haka hayaƙin taba: nikotin ɗin da ke cikinta manoman Turai sun yi ɗaruruwan shekaru suna kashe ƙwarin gona da shi. Shi ya sa makiyayan nan ba sa yarda a sha sigari ko a fesa turare a ɗakin da dabbobinsu suke, in sun shafa wa kare maganin ƙuma ma sai sun wanke hannu kafin su taɓa keji.

Ya ɗan farfaɗo, amma bai koma yadda yake ba, muka ga bai kamata mu mai da shi aji haka ba. Ci ya ragu. Ruwan murfin nan, wanda da damina yake kwana uku, yanzu kafin la'asar ya ƙafe, mu kuma da hidimar jarrabawa sai mu kwana biyu ba mu duba ba. Da muka farga sai muka yi wani kuskuren, muka jiƙe ƙasar sharkaf muka toshe rabin hujojin don danshi ya zauna. Cikin kwanaki fumfuna ta fito a ɓawon. Ashe iska mai danshi wadda ba ta motsi ita ma kisa take yi, musamman ga irin da suke zaune a kan itace, inda iska take kaɗawa dare da rana. Abin da yake so shi ne ruwan sha kullum, da ƙasa mai ɗan sanyi a gefe guda, da iska mai shiga ta nan ta fita ta can.

A watan Fabrairu ya sake kwanciya rigingine. Murfin baya ya ɓalle, ƙafafu uku suka fito, sauran suka ƙi. Muka zauna da fitila har tsakar dare muna ɗiga ruwa da gashin kaza a bakin tsohuwar fatar. Da gari ya waye ya daina motsi. Ba za mu ce abu kaza shi kaɗai ya kashe shi ba, domin guba ta raunana shi, ƙishirwa ta bi, fumfuna ta ƙara. Amma dukkansu ukun daga iskar ɗakin nan suka fito, kuma mu muka haɗa ta da hannunmu.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wannan. A daidai waɗannan watanni 'yar autarmu, wadda take kwana a wannan ɗaki, ta yi ta fama da tari mai ƙi ci ƙi cinyewa, da dare ƙirjinta yana kuka kamar usur. Mun ɗora wa hunturu, kamar yadda kowa yake yi. Mun ba da zuma da lemun tsami, mun sayi maganin tari har kwalba biyu. Da muka kai ta asibiti, ma'aikaciyar jinya, wata dattijuwa, ta saurari ƙirjin, ta rubuta magani, sa'an nan ta dube mu ta ce, “Malam, me kuke ƙonawa a ɗakin da take kwana?” Muka fara lissafi da yatsu, kafin mu kai na huɗu kunya ta rufe mu. Mu da muka tsaya gaban allo muna koya wa 'ya'yan mutane huhun gizo-gizo, ba mu tuna da huhun da ke kwance kusa da mu ba.

Ba mu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 237,000. Babban mai laifi shi ne hayaƙin girki da itace da gawayi da kananzir. Abin da ya fi illa a cikin hayaƙi ba baƙin da yake manne wa rufi ba ne, wata ƙura ce wadda ido ba ya gani, wadda silin gashi ya fi ta kauri wajen sau 30, ita ce take wuce hanci da maƙogwaro ta sauka can ƙasan huhu. Game da maganin sauro na kunnawa kuwa, wani bincike da aka buga a Amurka a 2003 ya auna waɗanda ake sayarwa a Sin da Malesiya, ya gano cewa naɗi guda yana fitar da irin wannan ƙura daidai da karan sigari 75 zuwa 137. Wane uba ne a cikinmu zai yarda baƙo ya zauna gindin gadon jaririnsa ya zuƙe ko da kara biyar? Amma mu da kanmu muke ƙyasta ashana mu ja ƙofa.

Sai dai kada wani ya ce to bari ya ajiye gizo-gizo ya zama masa ma'aunin iska. Akwai gubar da ba zai nuna maka ba. Gawayi in yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska, kabon monosaid, ba launi ba wari. Tana kama jan jininmu fiye da yadda oksijin yake kama shi sau 200 da ɗoriya, mutum ya ji ciwon kai da jiri da barci, in ba a farga ba barcin ya zarce. Shuɗin jinin gizo-gizo ba ta kama shi haka. Tsuntsu ne yake saurin nuna ta. Shi ya sa masu haƙar kwal a Ingila, bisa shawarar wani likita John Haldane, suka riƙa shiga rami da kanari a keji, in ya faɗo daga kan sandarsa kowa ya nemi hanyar fita. Ba su daina ba sai 1986, da na'ura ta karɓi aikin. Duk matar da ta taɓa sa kurfoti a akurki don ɗumama 'yan tsaki ta rufe ruf, da safe ta kwashe su matattu, ta ga wannan da idonta, ko da ta ce maita ce.

Akwai kuma abin da ya fi duk waɗannan muni, wanda ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya a kansa. A ƙasar auduga muke. Maganin da aka yi don gona yana shigowa gari a cikin ƙananan kwalabe marasa suna, a sayar da shi a kasuwa a matsayin fiya-fiya, a yayyafa a katifa saboda kuɗin cizo, a zuba a buhun wake. Manya a cikinmu ba su manta da kakar auduga ta 1999 zuwa 2000 ba, lokacin da aka lissafa mutum aƙalla 37 da maganin endosulfan ya kashe a Borgu, wasu wajen feshi, wasu ta abincin da ya taɓa. Benin ta hana shi a 2008, duniya kuma ta sa shi cikin yarjejeniyar Stockholm a 2011. To amma hana iri ɗaya bai kawar da ɗabi'ar ba. Abin da aka ce mai fesa shi a fili ya rufe hanci da baki, ta yaya zai zama abin yayyafawa inda jariri yake rarrafe?

Mun san abin da za a ce mana, domin wani dattijo maƙwabcinmu ya riga ya faɗa. Ya ce, “Malam, tari da zazzaɓin cizon sauro wanne ya fi kisa? Ka bar ni da hayaƙina.” Muka ce, “Baba, gaskiyarka, sauro ba abin wasa ba ne.” Amma ai ba tsakanin hayaƙi da sauro kaɗai zaɓi yake ba. Gidan sauro mai magani, irin wanda aka raba gida-gida a 2020 da 2023, ba ya hayaƙi, kuma shi ne masana suka fi amincewa da shi. Abin takaici sai ka gan shi an kewaye lambu da shi, mai lambun kuma yana kwana cikin hayaƙi. Har ila yau, waɗanda suke Jugu da Copargo da Ouaké za su tuna da ma'aikatan feshin bango da suka fara zagaya gidaje a 2017. A tuna sharuɗɗan da suka kafa: a fitar da abinci da ruwa da kwanuka, a ɗaure dabbobi nesa, kowa ya zauna waje awa biyu, a buɗe ƙofa da taga iska ta ratsa kafin a shiga, a share matattun ƙwari a zuba a masai don kada kaji su ci. Waɗannan mutane ne da aka horar, da maganin da aka auna, amma duk da haka suka yi wannan taka-tsantsan. Mu kuwa sai mu fesa namu da ba mu san awonsa ba, bayan minti goma mu shimfiɗa wa yara tabarma.

A gidanmu dai ga abin da ya sake. Kurfoti ya daina kwana a ɗaki, in sanyi ya yi a ƙara bargo. Turaren wuta uwargida ba ta yarda ta bari ba, mu ma ba mu so ta bari ba, amma yanzu da hantsi take sa shi, taga a buɗe, yara suna waje. Maganin kunnawa ya koma baranda inda ake hira. Mun sa kafinta ya buɗe 'yar kafa a saman bango daura da taga, ya sa mata waya, kuɗin bai kai na kwalaben maganin tarin nan biyu ba. Ƙurar hunturu kuma da jiƙaƙƙen tsumma ake goge ta maimakon a tayar da ita da tsintsiya. Tarin yarinyar ya lafa kafin zafi ya shigo. Maganin asibiti ya yi aikinsa, hunturu ma ya wuce, amma hunturun da ya biyo baya ta yi shi ba tare da kukan ƙirjin nan ba.

Ga masu kiwon ƙananan halittu a cikin gida, ko kanari ne ko aku ko 'yan tsaki, ko wani malami ɗan'uwanmu da yake so ya gwada abin da muka gwada, kada a ajiye keji a madafa ko a ɗakin da ake kunna magani. In za a yi feshi a fitar da shi gaba ɗaya, rufewa da zane ba ta hana komai, mun gwada. Kada a yanki tsohon gidan sauro a rufe bakin kwalba da shi, domin da sauran magani a jikinsa. Kada kuma a kamo fara ko gyare daga gonar da aka yi wa feshi, ko kyankyason da aka tsinta yana tangaɗi a tsakar gida.

Da muka koma aji muka gaya wa yara abin da ya faru, ba mu ɓoye musu laifinmu ba. Yaron da ya kawo shi ya yi shiru, can ya ce, “Mushe, mu ma haka muke rufe ɗakinmu, kuma ƙanena yana tari.” Muka ce ya gaya wa mahaifiyarsa za mu zo gaishe ta ranar Asabar, muka kuwa je. A shekarar da ta biyo wasu yaran suka sake kawo wani, ƙarami. Wannan karon mako biyu kawai ya yi a aji, kusa da taga, aka zana shi, aka auna shi da rula, sa'an nan muka ɗunguma gaba ɗaya muka mai da shi gindin itacen da aka samo shi. Saɓar na farkon kuwa tana nan cikin kwalin alli a kabad ɗin aji, ƙafa ɗaya ta karye, amma huhun huɗu suna nan ana ganinsu.